Wankin jijiyar haƙori: me ya sa hula ke fitowa da turkenta?

Me ya sa mutum zai biya kuɗi mai yawa a wanke masa jijiyar haƙori, a kafa turke a cikin saiwar, a ɗora hula a kai, wato murfin da ke maye gurbin saman haƙorin, sannan bayan shekara ɗaya ko biyu yana cikin taunar nama hular ta fito da turkenta ɗungurungum? Kuma da gaske ne ruwan bilic, irin wanda ake wanke fararen kaya da shi, likita ke ɗurawa a cikin haƙorin?

Tambayoyin nan biyu suna yawan tasowa a majalisun Aboabo da Asawase da Sabon Zongo a nan Kumasi, duk lokacin da wani ya iso yana dafe da kunci. Masu ba da shawara kan kasu biyu. Wasu su ce a cire haƙorin kawai a huta, wankin jijiya cin kuɗi ne. Wasu su ce ai jabun kaya aka sa wa mutum. Abin da ba a cika sani ba shi ne tambayoyin biyu a haɗe suke. E, ruwan da likita ke ɗurawa dangin bilic ne, kuma babu ruwan da ya kai shi aiki a cikin saiwar da ta ruɓe. Amma shi ɗin dai yana cikin abubuwan da ke raunana gam ɗin da zai riƙe turken daga baya, idan ba a bi da shi yadda ya kamata ba.

## Abin da ake yi wa haƙorin tun farko

Haƙori hawa uku ne. A waje akwai farin ɓawo mai tsananin tauri. A ƙarƙashinsa akwai dantin, wanda shi ne gangar jikin haƙorin har zuwa ƙarshen saiwa. A can tsakiya kuma akwai siririn rami mai ɗauke da jijiya da hanyoyin jini. Idan ruɓa ta ci har ta kai wannan ramin, nan ne ciwon da ke hana barci yake farawa.

Wankin jijiya shi ne a huda haƙorin ta sama, a kwashe naman da ya lalace, a faɗaɗa ramin da wasu siraran ƙarafa masu kaifi, a wanke, sannan a toshe shi da wani ƙaro mai kama da roba da ake kira gutafaca, wanda asalinsa daga itatuwan yankin Malesiya ake samunsa. Sai dai ramin saiwa ba miƙaƙƙe ba ne. Yana da lunguna da rassa waɗanda ƙarfe ba ya taɓawa ko da likitan ya kai ƙarshen gwaninta. Ruwan wanki ne kaɗai ke shiga can. Shi ya sa wanda ya taɓa kwanciya a kujerar zai tuna likita yana ta ɗaukar sirinji mai siririyar allura yana ɗurawa, mataimakiyarsa tana zuƙewa da bututu, a sake, a kuma sakewa, ga wani warin kulorin yana tashi daga shimfiɗar robar da aka kewaye haƙorin da ita. Wannan ɗure-ɗuren da yake gundurar majinyaci, shi ne rabin aikin.

## Turken: mene ne shi, me ya sa ya dogara da gam

Ba kowane haƙorin da aka wanke ne ke buƙatar turke ba. Sai wanda ruɓa ta cinye samansa har ba abin da hula za ta kama. A nan ne likita zai sake huda wani ɓangare na gutafacar, ya bar milimita 4 zuwa 5 a ƙasa don saiwar ta zauna a toshe, ya zura turke, ya gina sabon kai a jikinsa, ya ɗora hula. Turke ba ya ƙara wa saiwa ƙarfi, ko da yake mutane da yawa haka suke zato. Aikinsa riƙe ginin da ke sama ne kawai.

A da, turakun ƙarfe ake sawa. Matsalarsu ita ce ƙarfe ya fi dantin tauri nesa ba kusa ba. Ƙarfe marar tsatsa ya ninka shi tauri wajen sau goma. Idan aka yi tauna mai ƙarfi, turken ba ya lanƙwasa, sai saiwar ta tsage, kuma saiwar da ta tsage a tsaye ba ta da magani sai cirewa. A 1990 wasu likitoci a Faransa, Duret da abokan aikinsa, suka fito da turken zaren kabon da aka daskarar a cikin roba. Daga baya aka koma zaren gilashi da na kwaz, farare masu ɗan ratsa haske, waɗanda su ne ake kira turken faiba yanzu. Suna ɗan lanƙwasawa kusan yadda dantin ke yi, don haka tsagewar saiwa ta ragu.

Amma turken faiba santsi gare shi, ba a murɗa shi a ciki, ba kuma a buga shi. Gam ɗin rezin, wato wani gam dangin roba mai daskarewa, shi kaɗai ke haɗa shi da bangon saiwa. Shi ya sa babbar matsalarsa ita ce saki. A ganina wannan ciniki ne mai riba, domin turken da ya saki ana iya mayar da shi, saiwar da ta tsage kuwa ta tafi ke nan.

## Yadda gam ke kama dantin

Idan aka auna da nauyi, kusan kashi 70 cikin ɗari na dantin ma'adini ne mai kalsiyam, kashi 20 zaruruwa ne waɗanda yawancinsu kolajin ne, sauran kashi 10 ruwa. Jikinsa kuma cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Tun 1955 Michael Buonocore a Amurka ya nuna cewa idan aka shafa wa farin ɓawon haƙori asid, roba tana kama shi sosai. A 1982 Nobuo Nakabayashi a Japan ya bayyana abin da ke faruwa a dantin: asid yana narkar da ma'adinin da ke sama-sama, zaruruwan kolajin su fito fili, gam ya ratsa tsakaninsu ya daskare, su sarƙe da juna. Wannan sarƙewar ce ke riƙe komai.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen mai facin taya ya san ƙa'idar. Sai ya kankare tib ɗin, ya goge, ya bar shi ya bushe kafin ya shafa gam. In da maiƙo ko danshi ko gari a wurin, facin ba ya kwana. To shi likitan haƙori wurin da zai yi nasa facin rami ne mai duhu, faɗinsa bai kai milimita 2 ba, ba ya ganin ƙasansa, ruwa yana taruwa a gindi, hasken fitilar da ke daskarar da gam kuma yana raguwa kafin ya kai can. Ga shi gam ɗin yana ɗan tsukewa idan yana daskarewa, yana jan jikinsa daga bango. Tun kafin a zo maganar ruwan wanki, wurin da wuya yake.

## Ruwa uku, kowanne da ribarsa da ɓarnarsa

Na farko shi ne sodiyam haifokulorait, wato sinadarin da ke cikin bilic ɗin da muke saye a kanti. Tarihinsa a likitanci ya koma Yaƙin Duniya na Ɗaya, lokacin da Henry Dakin ya haɗa shi a 1915 da ƙarfin kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari don wanke raunukan sojoji. Likitocin haƙori suna amfani da shi daga kashi 0.5 zuwa wajen 6 cikin ɗari. Abin da ya sa ba a iya rabuwa da shi: yana kashe ƙwayoyin cuta, kuma yana narkar da ragowar naman jijiya. Sauran ruwayen da ake amfani da su yau da kullum ba sa yin wannan na biyun.

Ɓarnarsa ta fuska biyu ce. Da farko, shi bai san bambancin ruɓaɓɓen nama da kolajin ɗin bangon saiwa ba, duka ci yake yi. Idan ya yi ƙarfi kuma ya daɗe, zaruruwan da gam zai sarƙe da su sun lalace, dantin ɗin ma ya ƙara gautsi. Na biyu, kuma a nan gizo ke saƙar, yana barin ragowarsa a cikin kafofin dantin, mai fitar da oksijin da kulorin. Gam ɗin rezin yana daskarewa ne ta hanyar wasu ƙwayoyi masu kama juna suna yin sarƙa, oksijin kuwa yana katse wannan sarƙar. Sai a samu gam ya daskare a tsakiya, amma daidai inda ya haɗu da bango, inda aka fi buƙatarsa, bai nuna ba. Ranar da aka gama aikin ba wanda zai gane. Sai an yi watanni ana tauna, yawu yana neman hanya, sannan abin ya bayyana.

Wannan ɓarnar ta biyu tana da makari. A 2001 masu bincike sun nuna cewa idan aka bi bayan haifokulorait da sodiyam askobet mai ƙarfin kashi 10, wanda gishirin bitamin C ne, ƙarfin kamun gam yana dawowa. Ana kuma amfani da sodiyam tayosalfet don wannan manufar. Wasu likitocin kuwa sukan wanke da ruwan gishiri mai yawa, su bar kwanaki tsakanin wankin jijiya da kafa turke.

Na biyu shi ne EDTA, wanda Nygaard-Østby ɗan ƙasar Nowe ya shigo da shi aikin saiwa a 1957, yanzu an fi amfani da mai ƙarfin kashi 17. Shi ba ruwansa da nama, kalsiyam yake kamawa. Duk lokacin da ƙarfe ya kankari bangon saiwa, garin dantin yana cakuɗa da ruwa da ragowar nama ya zama wata laka da ke shafe bangon ta toshe kafofin. Gam ɗin da aka shafa a kan wannan laka, lakar ya kama, ba haƙori ba. EDTA ne ke ɗauke ta. Amma shi ma da iyakarsa: wani bincike da aka yi a Turkiyya a 2002 ya nuna minti ɗaya ya isa ya share lakar, minti goma kuwa zaizaye dantin ɗin yake yi. Haka nan idan aka sake bin EDTA da haifokulorait na tsawon lokaci, na farko ya tone kolajin, na biyu ya cinye shi, bangon ya zama zaizayayye.

Na uku kulohekzidin ne, ɗan'uwan wanda ake kurkure baki da shi, sai dai na saiwa ya fi ƙarfi, kashi 2 cikin ɗari. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana manne wa dantin ya ci gaba da aiki, ba ya hana gam daskarewa, kuma yana danne wasu sinadaran jikin dantin da ke cin kolajin a hankali bayan an gama aiki. Amma ba ya narkar da nama, ba ya share laka. Idan kuma ya haɗu da haifokulorait kai tsaye, nan take wani gari mai launin ruwan goro ke fitowa, ya rina haƙorin ya toshe kafofin. Dole a wanke haifokulorait ɗin tas, a busar, kafin a sa kulohekzidin.

## Kanumfari da wanki na biyu

Akwai wani abu da ba ruwan wanki ba ne amma yana taka rawa iri ɗaya. Kowa a zango ya san kanumfari a bakin mai ciwon haƙori. Man da ke cikinsa, yujinol, shi ne ke sanyaya ciwon, kuma likitoci sun daɗe suna amfani da shi a cikon wucin gadi da kuma man da ake shafa wa gutafaca. Wannan ƙamshin da ke tarbar mutum a ƙofar ɗakin likitan haƙori, sau da yawa nasa ne. To yujinol shi ma yana hana rezin daskarewa yadda ya kamata. Shi ya sa likitan da ya san zai kafa turken faiba yakan zaɓi man toshi marar yujinol tun daga farko.

Wani abin da ake mantawa shi ne wankin sau biyu ne. Akwai na lokacin cire jijiya, akwai kuma na bayan an huda wurin turke. Hudar nan tana kankare wani ɓangare na bangon da haifokulorait ya taɓa, wanda alheri ne, amma tana haifar da sabuwar laka da ta fi ta farko muni, domin zafin injin yana narkar da gutafaca da man toshi ya shafe su a bango. Wankin da aka yi wa wannan ramin a mintocin ƙarshe kafin a zuba gam, da yadda aka busar da shi da ƴan tsinkayen takarda, shi ya fi shafar turken. Ramin da ya jiƙe da yawa gam ba ya kamawa. Wanda aka busar fiye da kima bayan asid, zaruruwan kolajin sun kwanta, gam bai sami hanyar shiga ba.

## Inda masana suka rabu

Wanda ya nemi amsa guda, cewa ruwa kaza ne ya fi, ba zai samu ba, domin gam ɗin ma iri-iri ne. Akwai wanda sai an shafa asid ɗin fosforik mai ƙarfin kashi 35 zuwa 37 an wanke kafin a sa shi. Akwai mai ɗauke da nasa asid ɗin marar ƙarfi. Akwai kuma mai kamawa da kansa, irin RelyX Unicem da ya fito a 2002, wanda ake zubawa kai tsaye. Wannan na ƙarshen da kalsiyam ɗin bango yake ƙulla zumunci. Saboda haka EDTA, wanda ke buɗe wa wani gam hanya, yana iya kwashe wa wannan abin da zai kama. Wasu gwaje-gwajen sun nuna ya taimaka, wasu sun nuna ya rage.

Yawancin waɗannan gwaje-gwajen kuma a ɗakin bincike ake yin su, a kan haƙoran da aka riga aka cire, na mutane ko na shanu. A kafa turke, a yayyanka saiwar falle-falle kamar kaurin milimita ɗaya, a sa inji ya tura turken har ya fita, a rubuta ƙarfin da ya ɗauka. Gwaji ne mai amfani, amma ba ya tauna goro shekara biyar.

Ɓangare ɗaya na likitoci suna cewa kashe cuta ne gaba da komai, kada a rage haifokulorait don tsoron gam. Ɗaya ɓangaren suna cewa saiwar da aka wanke tas amma turkenta ya saki, yawu zai koma ciki cutar ta dawo. Ni ina tare da na farko a lokacin cire jijiya, ina tare da na biyu a lokacin kafa turke, kuma ban ga inda suka ci karo ba tunda lokutan daban ne. Abin da kusan kowa ya yarda da shi kuwa bai shafi ruwa ba sam: idan akwai lafiyayyen bangon haƙori da ya rage sama da dasashi, tsayin milimita 1.5 zuwa 2 a kewaye, wanda hula za ta rungume, haƙorin yana daɗewa. Idan babu, duk nauyin tauna a kan gam yake sauka, kuma ko wane irin wanki aka yi, wahala zai sha.

## Abin da ya shafi majinyaci a Kumasi

Katin NHIS, wato inshorar lafiya ta ƙasa, yana ɗaukar cire haƙori da ƙaramin ciko, amma haƙoran roba da makamantansu suna cikin abin da tsarin ya ware. Wanda ya zaɓi ya ceci haƙorinsa da turke da hula, ko a Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye ko a asibiti mai zaman kansa, ya shirya taɓa aljihunsa. Wannan ne ke sa mutane raba aikin gida-gida: a wanke jijiya wannan watan, ciwo ya lafa, sai ɗan kasuwar Kejetia ya ce bari kaya su fita tukuna, ko tafiyar Tamale ko Bawku ta taso, ko aikin Hajji.

Jiran kwanaki kaɗan da likita ya tsara da kansa ba laifi ba ne, yana ma iya taimakon gam. Jiran watanni da cikon wucin gadi shi ne ɓarna. Cikon yana zaizayewa, yawu da ƙwayoyin cuta su gangara cikin saiwar da aka sha wahalar wankewa, bangon da ya rage kuma ya karye a kan ƙashin kaza ko tsakuwar shinkafa. Idan likita ya ce, "Hajiya, ki dawo mako mai zuwa a rufe shi," ba neman kuɗi ba ne kawai.

Majinyaci yana da damar tambaya tun kafin a fara: "Dokta, bangon da ya rage zai iya riƙe hula? Za a sa mini shimfiɗar roba? Nawa ne kuɗin aikin gaba ɗaya har da turke da hula?" Shimfiɗar robar nan, wadda aka ƙirƙiro tun 1864, ita ke hana haifokulorait zuba a baki, ita ke hana yawu jiƙa ramin lokacin sa gam. Wanda zai yi aikin kuma ya zama mai rajista da Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Gana. Bilic na gida kuwa kada wanda ya kuskura ya ɗiga a kogon haƙori don ya ji an ce likitoci na amfani da shi. Ƙona dasashi da harshe zai yi, ba zai kai inda cutar take ba.

Idan hular ta riga ta fito, a ɗauke ta a duba. Sau da yawa za a ga farin turken lulluɓe da busasshen gam, sumul, ba ko ɓarɓashin haƙori a jikinsa. Wannan yana nuna gam ɗin ya kama turke, bangon saiwa ne ya saki. A wanke ta da ruwa, a sa a ƴar leda mai tsabta, a kai wa likita cikin kwana ɗaya ko biyu, a daina tauna ta wannan gefen. Kada a mayar da ita da Super Glue kamar yadda wasu ke yi, domin yana kulle datti a ciki ya kuma ɓata bangon da za a sake mannawa. Likita zai ɗauki hoton saiwar. In ba ta tsage ba, kuma toshin ƙasa bai gurɓata ba, ana share ramin a sake kafa turke. In ramin ya daɗe a buɗe yana shan yawu, sai an kwashe gutafacar an sake wankin jijiyar daga farko, da kuɗinsa daban.